Ki Kwance Kayanki a Dapango

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga Zangon Sokode, daga bakin innarki, zuwa ga 'yata Ramatu a Dapango.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka lafiya, ke da maigidanki da jikana, ɗan angona mai tumbi. Allah Ya sa motar da ta kwashe ku ta hau duwatsun Bafilo ta sauko ba abin da ya same ta, Ya sa kun ƙetare kogin Mango ruwa bai taɓa ko bakin zaninki ba. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Kawunki Malam Idi ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na san kuma maigidanki ne zai karanta miki. Ba komai, ya ji. Surukuta ta hana ni buɗe baki a gabansa, amma takarda ba ta jin kunya. Kada ki nemi labarin gari a ciki. Wanda ya haihu da wanda ya mutu, direbobi za su gaya muku. Abin da nake so ki ji shi ne yadda na zauna a garin da kike ciki yanzu, da yadda na ɓata zaman da hannuna. A can aka haife ki, kina tuna wasu abubuwa, amma da idon yarinya kika gani.

Ku yaƙin Nasara ne ya tashe ku, tunda shanu sun daina isowa Sokode, maigidanki kuwa mahauci ne, dole ya bi nama inda yake. Mu ma Nasara ne suka tashe mu. Da aka kori Jamus, Faransa da Ingila suka raba ƙasa, sai hanyar goro da babanki ya gada ta yanke. Jakunansa sun saba bin Basari su wuce Yandi har Salaga. Aka wayi gari aka ce rabin hanyar ta zama ta wani Nasara dabam, ga gardi, ɗan sandansu, tsaye a bakin rafi yana neman takarda. Babanki mutum ne mai saurin gane inda iska ta juya. Ya sayar da jakunan, ya ce mu koma arewa inda Mosawa da Gurmawa ke saukowa da shanu da tumaki, ya buɗe masaukin fatake.

Ni kuwa a Zangon nan na Sokode aka yanke mini cibi. Ɗakin innata yana kallon rijiyar gindin tsamiya, duk matar da ta zo ɗiban ruwa na san uwarta da kakarta. Na bi babanki da ƙafafuna, goye da yayanki, amma raina bai yarda an tashi ba.

Dapango ta lokacin ba gari ba ce a idona. Gidaje ne warwatse cikin gonaki, kowanne da rumbunansa, zangon kuma 'yan bukkoki ne da masallacin kara. Na duba gabas na duba yamma, na ce nan ba wurin zama ba ne, wurin jira ne. Kayan aurena, tasoshi da ƙore da tabarmin ado da innata ta tara mini, na jingine su a kusurwar ɗaki cikin ƙullinsu. Tukunya ɗaya na fitar da akushi ɗaya.

Babanki ya ce, "Ki kwance kayan nan, gara za ta shiga."

Na ce, "In kwance in sake ɗaurewa? Ai baɗi za mu koma."

Baɗi ta zo ta wuce. Ya gina mini ɗakin ƙasa, na ƙi daɓe shi. Ya kawo dashen lemu daga Mango ya kafa a tsakar gida, na bar shi ya bushe, don a ganina ba ni zan sha 'ya'yansa ba. A ɗakin nan da ba daɓe na haife ki, a nan na haifi ƙanwarki Ladi. Ranar da na buɗe ƙullin nan daga ƙarshe, tabarmin sun zama gari, ƙoren sun rarake, ba abin da ya tsira sai tasoshi.

Don haka, Ramatu, ranar da takardar nan ta same ki, in akwai ƙullin da ba ki kwance ba, ki kwance shi. Ki jera kwanoninki, ki daɓe ɗakinki, ki shuka ko barkono ne a bayan madafa. Kada ki ce sai yaƙi ya ƙare shanu sun dawo Sokode. Wataƙila ya ƙare, wataƙila su dawo. Amma shekarun da kika zauna kina jira su ne rayuwar taki, ba wata aka ajiye miki a gaba ba.

Da a kan tabarmi da ƙore abin ya tsaya, da ban sa kawunki ya ɓata tawada ba.

Bayan dangarmu akwai gidan wani manomi. Matarsa 'yar ƙabilar Moba ce, doguwa, mai tsage a fuska, tana dafa burkutu ranar kasuwa. Ranar da muka sauka ta shigo da ƙwarya cike da garin gero, ta jera ƙwan zabi a kai, tana murmushi tana wata magana da ban ji ba. Na karɓa da bakin yatsu. Ba ta gama fita ba na watsa wa kaji. Ta waiwayo ta gani. Duk da haka ba ta daina gaishe ni ta kan danga ba, kullum safiya, ni kuwa in ce "uhm" in juya baya. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka ban san sunanta ba. "Ta bayan danga" nake ce mata.

Babanki kafin damina biyu ya iya yarensu, yana ciniki da shi yana barkwanci. Ni na ce harshen da nake salati da shi ba zai juya yaren masu kiwon alade ba. Ke ma da kika fara kwaso kalmominsu a wurin wasa, na make miki baki, na hana ki leƙa ƙofa. Ki riƙe wannan, don shi ne ya dawo ya same mu.

Sai shekarar fara. Kin tuna ta? Ke kika shigo da gudu kina cewa hadari ya taso, ashe fara ce, ga gero ya fara ido. Kafin la'asar gonakin nan sun koma kara tsaye. Shekarar da ta biyo ma suka dawo. Fatake suka ɗauke ƙafa, masaukin babanki ya zama wurin kwanan awaki, amma gardin lampo, mai karɓar haraji, bai ɗauke tasa ƙafar ba. Lokacin yayanki ba ya gida, an riga an kai shi lakwal, makarantar Nasara, a Mango. Zan zo kan maganarsa. Babanki ya ari jaki ya nufi Boku, ɓangaren da Ingila ke mulki, inda aka ce akwai sauran hatsi. Ya bar mu da abin da yake zaton zai kai mu ya dawo. Bai kai ba.

Muka ci dusa, muka ci ganyen da da can akuya muke yanko wa. Matan zango kowa ta kanta take yi, kuma gaskiya ban shuka komai a wurinsu ba, don kullum ina nuna musu ni 'yar birni ce da ƙaddara ta jefo. Ladi ba ta daɗe da yaye ba. Ta daina kuka ma, sai dai ta zauna tana bin hannuna da ido.

Wata safiya matar nan ta ɗaga danga ta shigo da kwando a kai. Ita ma ta rame, wuyanta kamar sillen kara. Ta sauke, sai ga wata doyar daji, wadda wasu ke kira rogon biri. Ta raba biyu ta tura mini rabi. Sannan ta kama magana. Ta nuna doyar, ta yi kamar tana yankawa, ta nuna wajen rafi, ta kwantar da kumatunta a tafin hannu, ta sake kwantarwa, ta sake nuna rafin. Ta maimaita, ta kama hannuna tana girgizawa.

Na ɗauka cewa take yi in wanke a rafi, mu ci mu sami barci. Na gyaɗa kai don ta tafi. Ta tsaya tana dubana, ta sake faɗa. Na ce mata da Hausa, "Na ji, na ji, je ki." Ta tafi.

Na wanke da ruwan randa, na fere, na dafa. Da ɗaci, na zuba kanwa. Na ba ku, ni ma na ci kaɗan, na fi tura wa Ladi don ita ta fi jin jiki.

Kafin azahar ke kina birgima kina riƙe da ciki, ni ɗaki yana juya mini, Ladi kuwa ta sandare, kumfa a baki. Ihun da na yi ne ya kawo matar nan. Ta dubi tukunya, ta ɗora hannu a ka ta kurma kururuwa. Ta ruga gida ta dawo da wani jiƙo, ta danne ki da gwiwa ta ɗura miki, ta sa yatsa a maƙogwaronki har kika amayar. Ta yi mini haka. Ta ɗauki Ladi ta gwada, haƙora sun datse, ba abin da ya shiga. A cinyarta Ladi ta cika, ba a tawa ba.

Liman da mutum kaɗan suka kai ta. Matar nan ta zauna a ƙofar ɗakina har rana ta faɗi, tana dukan cinya tana nanata maganar da ta yi mini da safe. Na haddace ta kamar karatu. Bayan kwanaki na je wurin matar wani mahauci, Bagurma, na maimaita mata, na ce me ake nufi.

Ta ce, "Cewa take yi a yanka, a kai rafi a bar shi ya kwana ya kwana, sai ruwa ya tafi da dafin, sannan a dafa. Ai ko yaran kasuwa sun san wannan. Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ta bayan dangata."

Ta ce, "Kwanjiti? To, ai ta gaya miki."

Ranar na fara jin sunanta.

Ramatu, da na bar ki kin yi wasa da 'ya'yanta, da ke za ki fassara mini da safen nan. Ki koyi yaren mutanen da kika tarar. Ki koyi gaisuwarsu, da sunan abincinsu, da yadda suke cewa "kada". Ban ce ki sha abin da suke sha ba, ban ce ki bar sallarki ba. Addininki ba a fatar kunnenki yake ba, balle ya zube don kin saurari maƙwabciya. Baƙo ko idonsa ya kai na mujiya, ɗan gari ne ya san ramin da ke bakin ƙofa. Kuma ki tambaya ko Kwanjiti tana raye. In tana nan, ki je da ƙafarki, ki gaishe ta da yarenta ko da gurguwar gaisuwa ce, ki gaya mata ke ce yarinyar da ta danne da gwiwa. Ni ban taɓa yi mata godiya ba. Kunya ta hana ni, har na bar garin.

Babanki ya dawo da ɗan buhun dawa, ƙafafunsa duk sun faffashe. Ya shigo yana kiran Ladi, don ya riƙo mata ƙuli-ƙuli a aljihu. Na fito na tsaya a gabansa. Ban ce masa sannu da hanya ba, ban ba shi ruwa ba.

Na ce, "Tana maƙabarta. Kai ka kashe ta. Kai ka kwaso mu daga cikin dangi ka kawo mu jeji."

Ya sauke buhun, ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Haka kika gani?"

Na ce, "Haka yake."

Na san ba haka yake ba. Tun ina faɗa na sani. Amma nauyin ya fi ƙarfina, na nemi wuyan da zan rataya wa, nasa kuwa shi ne kusa. Daga ranar bai ƙara barkwanci a gidan ba. Da dawar ta kusa ƙarewa ya ce zai koma Boku ya ƙaro. A bakin ƙofa ya tsaya kamar mai jiran wata magana. Ina tankaɗe, ban ɗago ba. Wasu sun ce zazzaɓi ya kama shi a hanya, wasu sun ce an gan shi can kudu yana dako a gonakin koko. Har yau ban san wanne ne ba, ban san inda kabarinsa yake ba.

Maigidanki ya kai ki inda yake ganin akwai abinci. Mai yiwuwa ya dace, mai yiwuwa a sha wuya. In wuya ta zo, ki yi fushinki, ki yi kukanki, ki faɗa masa abin da ke cin ki. Amma kada ki ce masa shi ya jawo. Wanda ya tashi da iyali don ya cece su ya riga ya tuhumi kansa tun kafin ki buɗe baki. Kai ma mai karatu ka ji: in ta yi shiru tana kallon kudu, kada ka ce raini ne. Ka bar ta ta yi kewarta.

Da na fid da rai, na kama hannunki muka biyo wata motar gyaɗa zuwa Sokode. Duk tsawon hanya zuciyata fari ƙal, kamar ba ni na binne 'ya ba. Ina cewa yau zan kwana a ɗakin innata, gobe in ɗebi ruwa a gindin tsamiya, komai ya koma yadda yake.

Muka sauka na rasa hanyar gidanmu. An fasa titi ta tsakiyar unguwa, mai faɗi, an jera masa duwatsu masu farar ƙasa. Ba tsamiya, ba rijiya. Na tsaya ina juyi da ke a hannu, har wani yaro ya tambaye ni ko baƙuwa ce ni. Kawunki ne ya hango mu daga rumfarsa ya taso.

Na ce, "Idi, ina ɗakin Inna?"

Ya ce, "Yaya, a kansa kike tsaye."

Na ce, "Ita fa?"

Ya ce, "Tun daminar bara. Mun aika, ashe saƙon bai kai ba."

Garin da na ƙi zaman Dapango dominsa, ya daɗe da tashi shi ma. Matan da na sani wasu sun mutu, wasu sun bi mazajensu Atakpame, waɗanda suka rage sun tsufa suna ta kansu. Kada ki ajiye Sokode a ranki kamar nama a rataye, kina cewa yana nan yana jiranki. Ba ya jira. Duk ranar da kika dawo, wani gari za ki tarar mai sunan wannan.

Yanzu maganar yayanki. Kin san rabinta, ba ki san abin da ya fito daga bakina ba, don kina bayan gida lokacin da aka fara.

Tun muna Dapango kumandan, Nasaran da ke mulkin wurin, ya aiko a ba da yara lakwal. Masu ƙarfi suka ɓoye nasu, aka ɗauki namu. Na yi kuka kamar an kai shi kabari, kuma daga ranar na fara lissafa shi cikin waɗanda na rasa. Da ya gama, aka sa shi aikin likita, cikin masu yawo ƙauyuka suna taɓa wuyan mutane suna neman ciwon barci. Kin san yadda ake tsoronsu. Ana cewa suna huda bayan mutum su tsiyaye ruwan jikinsa. In an ji motarsu, gari yakan watse cikin dawa.

Ya yi ta tambaya har ya gano muna Sokode. Ya zo da hantsi, muna daka da matan gida. Ya yi sallama a zaure. Na leƙa ta zana, sai ga saurayi dogo, da gajeren wando da hular Nasara, fuskar babanku sak, yana riƙe da turmin zani. Gabana ya faɗi don murna, wallahi murna ce. Sai wata daga cikin matan ta ce, yadda kowa zai ji, "A'a, yau ga ɗanki mai tatsar bayan mutane. Ku ɓoye wuyanku." Aka kwashe da dariya.

Ni da na dawo garin ba miji ba ɗaki, ina neman a karɓe ni, dariyar nan ta fi mini ciwo bisa ga tsayuwarsa a waje. Na tsaya a bayan zana na ce, "Ka je ka sa riga irin ta ubanka, ka bar aikin nan, sannan ka shigo."

Ya ce, "Inna, ni ne fa. Tufafi ne kawai."

Na ce, "Na faɗa maka."

Ya ce, "Inna, mutanen da muke yi wa allura suna tashi. Da idona na ga wanda aka kawo a makara ya koma gida da ƙafarsa."

Ban ɗaga zanar ba. Ya jira. Sai kika zagayo kika gan shi kika rungume shi. Ya shafa kanki, ya ajiye zanin a kan dakali, ya ce, "Ki ba Inna." Ya tafi.

Ya aiko da gaisuwa ta bakin direbobi ba sau ɗaya ba. Ni ina nan ina jira ya zo cikin riga, in nuna wa matan gida na isa da ɗana. Sanƙarau ya riga ni. A ƙasar Kabre ya kama shi, a wurin aiki. Wani abokin aikinsa ya kawo akwatinsa na ƙarfe. Da muka buɗe, a sama akwai farar riga sabuwa, ko ruwa ba ta gani ba.

Mutumin ya ce, "Ya ɗinka ta ne don Salla. Ya ce da ita zai zo gaishe ki."

Kin san ɗan fari ba a kama sunansa. Tun da na haife shi ban taɓa kiransa ba, sai "kai" da "wannan yaron". Na ɗauka akwai lokaci. Idi, rubuta. Haruna. Haruna ɗana.

Kawunki ya ajiye alƙalami a nan ya fita. Sai yau da safe muka ci gaba.

Angona zai tashi cikin duniyar da ba ki sani ba, ni balle. Wataƙila a kai shi lakwal, wataƙila ya koyi tuƙi, wataƙila ya dawo miki da yaren da ba kya ji da tufafin da ba kya so. Ki tsawata masa a kan ƙarya da cin haƙƙin mutane da wasa da salla. Amma ki tsawata masa yana cikin gida, a kan tabarmarki, da tuwonki a gabansa. Duk siffar da ya zo da ita, ki fara buɗe ƙofa, magana ta biyo baya. Masu dariya kuwa, ko ɗaya daga cikin matan nan ba ta taya ni buɗe akwatin ba.

Saura abu ɗaya, a kanki na yi shi.

Bayan Haruna ke kaɗai kika rage mini, sai na ƙanƙame ki. Na hana ki kasuwa, na hana ki bikin ƙawaye in ya wuce unguwa. Na yarda da aurenki ne don gidan mijin yana bayan namu. Da ya zo da maganar tashi, na kwanta na ce ƙirjina. Ba abin da ke damun ƙirjina a lokacin, Ramatu. Kika zauna jinyata rani guda, maigidanki yana fita mahauta yana dawowa da wuƙa a bushe, rumfar da aka yi masa alkawari a can aka ba wani. Ina kwance ina ji, ina cewa a raina ai gara yunwa a gabana da ƙoshi a bayan idona.

Abin da ya tashe ni, wata rana na ɗaga labule na ga kin ɗaure ƙafar angona da ɗankwali a jikin turmi, don yana son fita ƙofa ya kalli mota. Yana ja yana kuka, ke kina ce masa, "Waje akwai mutuwa." Muryata na ji a bakinki. Na ga tsorona ya tsallaka ya shiga jikinki, yana neman hanyar shiga na yaron. Washegari na tashi na share tsakar gida, na sa kawunki ya gaya wa maigidanki na warke.

Ranar tafiyarku ban raka ku tasha ba, na san kin ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne. Na san in na je zan riƙe ƙarfen motar nan in tara muku jama'a. Na zauna a ɗaki na toshe bakina da zani har na daina jin ƙararta.

To, ciwon da na yi wa ƙarya ya ji kira, ya zo. Ƙafafuna sun kumbura, in na je bayan gida na dawo sai na zauna na nemi numfashi. Kawunki ya so a ɓoye miki. Na ce a'a, na gaji da magana ta bayan zana. Ina faɗa miki ne don ki ji daga bakina, ba don ki zo ba. Kada ki zo. Na ga yadda kike tashi daga tabarma kafin ku tafi, na san ba ke kaɗai ba ce, ko da kunya ta hana ki faɗa. Damina ta kusa, kogin Mango ba ya wasa in ya cika. Ban yarda ki hau kwalekwale da ciki saboda ni ba. Ina da mai ba ni ruwa, ina da masu wanke ni in lokaci ya yi. In labari ya zo miki, ki yi alwala ki yi mini addu'a a inda kike, ki soya waina ki raba wa yaran unguwa. Sannan ki tashi ki ɗora tukunya, don mijinki da ɗanki za su ji yunwa ranar ma.

Na yafe miki duniya da lahira, nonon da kika sha da bayan da kika hau. Ba ki taɓa saɓa mini ba, tafiyar nan ma ba saɓo ba ce. Ke ma ki yafe mini bakin da na make, da ƙofar da na rufe miki, da ranin da na cinye muku. Maigidanki ma ya yafe mini.

Kawunki yana gaishe ku, matarsa tana gaishe ku. Ki shafa mini kan angona, ki ce matarsa tsohuwa ta ce ya fita ya kalli mota.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa. Allah Ya sa ƙasar da kuka taka ta karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya buɗe wa maigidanki kasuwa. Allah Ya tsare ku daga fara da yunwa da annoba, da zaluncin mai iko, da kaifin harshen juna. In Ya ƙaddara mu sake ganawa, to, madalla. In bai ƙaddara ba, Ya haɗa fuskokinmu a gidan da ba a ƙaura.

Wassalamu.

Innarki.